Abin da Muka Tarar a Ƙarƙashin Lallen Gwaggo

Ƙofar Kuyambana,
Birnin Zariya.

Zuwa ga Yaya Rilwanu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa ce mai tarin yawa da fatan alheri daga ƙanwarka, tare da addu'ar Allah ya sa kana cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Mariyamu da yara. Yaya ruwan Fatakwal da ba ya ɗaukewa? Mu nan kowa lafiya. Ƙafar Baffa Mika'ilu ta yi sauƙi, har ya koma zuwa masallaci da kansa, Gwaggo Radiya kuma ta dawo daga jinyar ɗiyarta a Kaduna.

Yaya, gyara zama, domin labarin da ke bakina ya fi ƙarfin waya. Ka san ɗakin karatun da na daɗe ina roƙon Baffa ya bar ni in gina wa 'yan matan unguwa a bayan gida, su daina zama a rana da littattafansu. To, ya yarda! Don ɗoki, ban jira dawowar Gwaggo ba na sa aka sare tsohon lallen nan na kusurwa. Ranar Talata da hantsi Malam Aƙilu magini yana haƙa tushe, sai na ji ya saki salati. Ya tarar da fasassun tukwane a jere, da ya ɗaga ɗaya sai ga ƙasusuwan mutum.

Hankalin Baffa ya tashi ƙwarai. Ya ce a kwashe su a farin ƙyalle a kai maƙabarta kafin azahar, kada kowa ya ji, domin a zamanin nan da ake kama mutane da sassan jiki, idan 'yan sanda suka shigo sunan gidan ya ɓaci. Ya ƙara da cewa maganar ɗakin karatu ta mutu, a mayar da ƙasa. Na durƙusa na ce masa, Baffa, ɓoyewar ce za ta sa a zarge mu, domin doka ba ta yarda kowa ya ɗauki ƙashin mutum daga inda yake ba sai da sanin hukuma. Idan aka tare Malam Aƙilu a hanya da ƙunshin nan, me zai ce? Shi kuwa Malam Aƙilu ya rantse ko a kan raƙumi aka ɗora shi ba zai ɗauka ba. Da ƙyar Baffa ya yarda muka je wurin mai unguwa, shi kuma ya raka mu ofishin 'yan sanda.

Bayan la'asar suka zo tare da wata likita daga sashen lafiya, Dakta Ibtisam. Yaya, da ka ga aikin matar nan! Sai da ta yi bisimilla, ta sa aka kare wurin da tabarma, sannan ta duba a hankali. Ta ce ƙasusuwan sun daɗe sosai, kuma an kwantar da mai su a gefen dama yana fuskantar gabas, binnewa ce ta Musulunci irin wadda mutanen birni ke yi wa manyansu a cikin gida a da. Ta bayyana mana cewa in muna son mayar da shi maƙabarta sai mun nemi izini a rubuce, in kuwa za a bar shi sai a rufe da mutunci. Na yi ta yi mata tambayoyi, har ta gaya mini cewa ko gawar da ɗaliban likita ke koyo da ita tana da ƙa'ida: ba a saye, ba a sayarwa, wanda ya so bayar da jikinsa sai ya rubuta a gaban shaidu, kuma in an gama sai an binne. Ta yi alkawarin zuwa ta yi wa ɗalibaina bayani da bakinta.

Washegari Gwaggo ta sauka daga mota. Tana ganin kututturen lallenta ta ajiye jaka, ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce duk digirin nan nawa bai sa na taɓa tambayar dalilin da ya sa ba a zubar da ruwan wanki a kusurwar nan ba? Ta ce kabarin Malam Bahago ne, kakan Babanmu, wanda ya karantar da rabin unguwar nan. Kakarmu ce ta shuka lallen don shaida, ta bar mata amanar ban ruwa. Na ce Gwaggo, ai ba ki taɓa faɗa ba. Ta ce ai ba mu taɓa tambaya ba, mu 'yan boko sai dai mu auna da igiya mu sare. Baffa da ke tsammanin kabarin yana tsohuwar maƙabarta ya zauna ya yi ta hawaye. Da ya share ido sai ya ce ba za a motsa Malam ba, kuma mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana karantarwa ba zai ƙi jin muryar masu karatu kusa da shi ba. A gina ɗakin, amma a matsa gefe! An rufe kabarin, liman ya yi addu'a, an kewaye shi da ɗan gini.

Ga inda ka shigo, Yaya. In an matsa, tushen zai faɗa daidai kan tsohon ɗakin tattabarunka, wanda yanzu ƙadangaru ne kawai a ciki. Malam Aƙilu ya jingine diga yana jira, ni kuwa na yi rantsuwa ba zan ƙara taɓa ko tsinke a gidan nan ba sai na tambaya. Don Allah ka ba ni izinin rushe shi, kuma in akwai abin da ka binne a ƙarƙashi, ka faɗa tun yanzu.

Ka gaishe mini da Anti Mariyamu, da Muhsin, da Ummukulsum 'yar gidana. Baffa yana sa muku albarka. Gwaggo ma tana gaisuwa, ta sake shuka lalle a wurin, ta kuma ɗora mini ban ruwansa safe da yamma, wai don in riƙa tunawa.

Ƙanwarka mai jiran amsa,
Fauziyya