Na Ce wa Surukata Ɗanta Zai Ceci Ƙafarta

Anti, don Allah ki taimake ni, bakina ya ja mini abin da ya fi ƙarfina.

Maigidana mai bincike ne. Wani ruwa mai kauri yake turawa ta cikin hanyoyi sirara kamar silin gashi, da aka zana a jikin ɗan faranti mai kama da gilashi, ruwan ya riƙa yankewa ɗigo-ɗigo. In an ƙyale ɗigon, dunƙulewa yake yi. Shi kuma dogaye yake so, kamar ƙwayar shinkafa, don haka yake matse su a inda hanyar ta tsuke, ya haska musu wani haske su daskare a haka. Ya ce in aka zuba dogayen a miki suna barin sarari a tsakaninsu, sabuwar tsoka ta samu hanyar tsirowa. Ranar da ya nuna mini su a madubin ƙara girma, ji na yi kamar na auri jarumin littafi. Ni kuwa Anti, da littattafan soyayya na tashi, har yana tsokanata wai in ba a yi kuka a babi na tara ba, abincinmu zai ƙone, don ba zan ajiye littafin ba.

Mahaifiyarsa na da ciwon suga, mikin ƙafarta ya ƙi warkewa, likita ya ce sai an yanke. Ina wanke mata ƙafar tana hawaye, sai na ji kaina ina ce mata ta kwantar da hankalinta, ɗanta na haɗa maganin, saura kaɗan. Wallahi a lokacin ni ma na yarda da abin da na faɗa.

Yanzu Mama ta ƙi sa hannu a yi aikin, ta ce wa likita tana da dalilinta. Maigidana bai san dalilin ba, lallashinta kawai yake yi har ya rame. Da na bugi cikinsa, ya ce har yau rabin ƙwayoyin da wutsiya suke fitowa, ba yadda yake so ba, ko a jikin ɓera ba a gwada ba, sai an yi shekaru. Baƙin da ƙafar ta yi ya wuce idon sawu, Anti. In na faɗa masa, da wane ido zai dube ni?

Daga Amaryar Mama

*

'Yata, na karanta wasiƙarki da nauyin zuciya. Ba mugunta kika yi ba, tausayi ne ya riga tunani fita. Amma ƙafar ba ta san niyyarki ba, ciwon kuma ba zai jira ki gama jin kunya ba.

Ki faɗa wa mijinki yau, kai tsaye, ba sai kin tsara kalamai masu daɗi ba. Zai iya fushi, yana da hakkin yi. Sai dai shi ma da ya tambayi mahaifiyarsa dalilinta maimakon lallashi, da tuni ya sani.

Daga nan ku je wurinta tare. Shi zai gaya mata aikinsa bai kai ga jikin mutum ba, domin ɗanta take jira, daga bakinsa kaɗai za ta yarda. Ke kuma ki nemi gafararta a gabansa. Ku sanar da likita abin da ya jawo jinkirin, ku roƙi a duba ta cikin gaggawa.

Ba zan ce ki daina karatun littattafanki ba. Amma bayan aikin Mama za ta buƙaci mai riƙe ta tana koyon tafiya, wata da watanni, ba mai tafa miki. Ki zama ke ce.

Allah ya ba ta lafiya, ya bar ku tare.