Ɗiyar Dije tana tsibirin Anobon

Isuhu,

"Yaya, ki bar kuka, kafin kogin Kwara ya cika ni da kaina zan ɗauko ɗiyar Dije." Haka ka ce mini ranar sadakar arba'in ta ƙanwarmu Dije. Kwara ta cika, ta janye, har an dasa albasa.

Duk da haka ina gaishe ka. Ina gajiya, yaya Kwatano, yaya Mariyama da yara? Mu nan Malanbil lafiya, sai kewa.

Jumma'ar da ta wuce maƙwabciyar da ke riƙon Ramatu, ɗiyar Dije, a Anobon ta kira ni ta bidiyo. Uban yana teku, ba ranar dawowa. Na ce, "Ramatu, Inna ce, ina wuni?" Yarinya ta dube ni da idanun Dije sak, ta ɓuya bayan matar. Na gwada Dandancinmu na Malanbil, shiru. Harshen uwarta ya bi uwarta kabari, kai kuwa kullum "ana nan ana shiri".

Na yi paspo, na yi allurar shawara. Na tambayi hanya: mota zuwa Kwatano, jirgin sama zuwa Malabo, sannan jirgin ruwan da sai ya ga dama yake tashi. Ni da ko gadar Gaya ta nan kan Kwara sai na rufe ido ake hayewa da ni.

Ka gaida Mariyama. Ku sa Dije a addu'a, ni ma ku sa ni. Ina jiranka har Sallar Layya. Kashegari zan hau mota ni kaɗai, kuma in na iso Kwatano a tasha zan kwana, ba gidanka ba.

Yayarka,
Balkisa