Alli a Hannun Hagu

Yako, daren Talata, 14 ga Mayu

Yau makona biyu ina koyarwar gwaji a firamarenmu ta dā. Hedimasta, Malam Ɗanjuma, ya shigo aji uku duba ni. Ina gama rubutu a allo ya miƙo hannu, ni kuwa na ba shi alli da hagu. Sai da yara suka yi tsit na farga. Kunya ta kama ni, na durƙusa na ce, "Malam, a yi haƙuri."

Ya yi murmushi. "Tashi, Malama Hadiza. Ai hannun nan ni na ƙwato miki shi."

Gaskiya ne. Ina aji biyu kullum sai an buge min shi da rula, har na daina zuwa makaranta. Shi ya bi ni gida, ya ce a bar bahaguwa ta yi rubutunta.

Tun shigata kwaleji nake cewa ba zan daɗe a koyarwa ba. Yanzu kam ban sani ba. Akwai Rabi a layin baya, kullum hagunta a ɓoye ƙarƙashin benci. Gobe ita zan fara ba alli.