Ganin Ɗakin Laila

Belleville, Treichville
4 ga Mayu, 1998

Zuwa ga Yaya Nuruddeen,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Anti da yara. Yaya Kano, yaya kasuwa?

Na san labari zai riga takardar nan isowa, shi ya sa nake so ka ji shi daidai daga bakina. Ranar Asabar, 2 ga wata, na bar gidanmu na unguwar Williamsville. Ina zaune a Belleville, hawa na biyu, ɗaki biyu da falo, tare da Iklima, wadda muka gama makaranta tare, muke kuma aiki a ɗakin gwajin jini ɗaya.

Ƙarfe shida da rabi ake fara ɗibar jini, domin marasa lafiya ba su karya ba suke zuwa. Daga gida sai na hau woro-woro, tasin nan ta haɗaka, zuwa tashar Adjamé, na jira bas, na haye gada. A wata biyu na makara sau goma sha ɗaya, an ba ni takardar gargaɗi. Daga nan kuwa tafiyar minti goma sha biyu ce a ƙafa.

Inna ta ce 'ya mace ba ta barin gida sai zuwa gidan miji, ta yi mako biyu ba ta amsa gaisuwata. Amma da motar kaya ta zo, sai ta buɗe kabad ta fito da kwanukan da take tara mini tun ina 'yar shekara goma, ta sa aka loda. Na ɗauka albarka ce. Hajiya Balaraba, maƙwabciyarmu, tana ganin kayan ɗaki a mota ta rangaɗa guɗa, matan tsakar gida suka fito suna Allah sanya alheri. Na buɗe baki zan gyara, Inna ta matse mini hannu.

Ina tsoro, Yaya, amma ba zan koma ba.

Ƙanwarka,
Laila

20 ga Mayu, 1998

Yaya Nuruddeen,

Assalamu alaikum. Takardarka ta iso, na ji kuna lafiya, alhamdu lillahi.

Ka ce in yi haƙuri in rufa wa Inna asiri. Ban sani ba ko ta gaya maka girman abin da ake so in rufe. Ta ce wa matan tsakar gida wai a Kano aka ɗaura mini aure, kai ne waliyyi tun da Baba ya rasu, ango kuma ɗan kasuwa ne mai yawan tafiya. Har ta raɗa masa suna, wai Alhaji Awwalu.

Yanzu matan sun ce za su zo ganin ɗaki ranar Lahadi, 31 ga wata. Inna ta aiko Hussaina, ƙanwarmu, da leda: hular Baba da takalminsa. Wai in ajiye takalmin a bakin ƙofa, in rataye hular, Iklima kuma ta fita yawo har magariba.

Na mayar da ledar. Iklima ce ta samo gidan nan, ba zan kore ta daga ɗakinta saboda mijin da babu shi ba. Takalmin Baba kuwa ya fi ƙarfin wannan wasa. Ni da nake sa hannu kullum a kan sakamakon jinin mutane, ban iya rubuta abin da ban gani ba. Ka yi tunani kuma: bana ango, baɗi za su tambayi ciki. Wa za a aro?

Su zo, zan dafa musu shinkafa.

Ƙanwarka,
Laila

1 ga Yuni, 1998

Yaya,

Assalamu alaikum, da fatan kowa lafiya.

Sun zo jiya, su tara har da Inna. Suka duba jere, suka yaba labule. Hajiya Balaraba ta leƙa ɗaki na biyu, ta tambaya ko na ango ne. Na ce na Iklima ne, ga ta nan, kuma babu ango, ba a ɗaura komai ba, aiki ne ya kawo ni.

Sai Hajiya ta ce ashe guɗarta a banza ta tashi, gidan 'yan mata masu zaman kansu aka gayyato su. Ka san abin da kalmar take nufi. Inna ta miƙe ta ce mata ta iya bakinta, ita ta haife ni, ita ta sa aka loda kayan nan da kanta, ƙaryar ma tata ce ba tawa ba.

Ba wadda ta taɓa shinkafar. Inna ta bi su ta fita, ko kallona ba ta yi ba.

Na san nauyin da na ɗora mata, domin ita ce za ta ci gaba da zama a tsakar gidan nan da su. Zan roƙi gafararta a kan kunyar da ta sha. A kan ƙaura ba zan roƙa ba. Ranar Juma'a in na tashi aiki zan je gaishe ta, da rana tsaka, ta gaban ƙofar Hajiya Balaraba. In ba ta amsa ba, akwai wata Juma'ar.

Ka gaida Anti da yara.

Ƙanwarka,
Laila