Murya ta Biyu

Zuwa ga Mai Jita,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangiji, ko da yake ni da Shi mun kwana biyu ba mu yi magana ba.

Na ji ƙungiyar mawaƙa na son zuwa yi wa matata, Mamanku, waƙa. Kada ku zo. Ranar da dattawan coci suka tura ogan ɗin da nake kaɗawa ɗakin ajiya, suka miƙa maka ƙungiyar da na ƙarar da ƙuruciyata ina koyarwa, na rantse ba zan sake rera komai ba. Abin da kuke yi ran Lahadi hayaniya ce da jita da lasifika. Mamanku kuwa, tun da ɓarin jikinta ya shanye, ko "ruwa" ba ta iya cewa. Likita ya ce kada mu sa rai.

Ka huta lafiya.
Tsohon malaminka

*

Baba Malam,

Barka da jinya, yaya jikin Mama? Mun ji, ba za mu zo ba sai ka kira. Amma ogan ɗinka duk Asabar nake goge shi, kuma har yau in masu murya ta uku suka kauce wa waƙa, hararar da ka koya mini nake musu.

Allah ya ƙara sauƙi.
Ɗanka, Mai Jita

*

Ɗana,

Gaisuwa mai yawa.

Jiya ina yanke mata farce a bakin taga, sai na ji sauti. Na ɗauka nishi ne. Ashe waƙar rufe sujada ce, murya ta biyu, wadda take riƙewa tun tana budurwa. Matar da ba ta iya kiran sunana, ga kalmomi suna fita daga bakinta cif, ko ɗaya bai faɗi ba.

Ka san wurin nan a waƙar da kowa ke yin shiru, murya ta huɗu ta shigo ita kaɗai. Tana kai nan ta tsaya, ta zuba mini ido, yatsanta mai lafiya yana ƙirga a kan bargo. Ni take jira. Na tuna rantsuwata, na danne bakina. Ta koma farko, ta sake zuwa wurin, ta sake tsayawa. Sai na shiga, da murya kamar ƙofa mai tsatsa, ita kuma ta dawo daidai inda ya kamata.

Bayan "Amin" na tambaye ta sunanta. Ta kasa faɗa.

Na yi karatu mai zurfi, na ɗauka waƙa ilimi ce da nake rabawa. Ban san ta wace hanya take bi ba inda magana ta kasa wucewa. Tsoro ya kama ni a ɗakina, na tsinci kaina a durƙushe.

Mu biyu ba mu cika waƙar ba, kuma in ta ji giɓin sai ta yi hawaye. Kawo mini murya ta ɗaya da ta uku. Jitar ta zauna a gida.

Malaminka

*

Ɗana,

Ina kwana. Na gode da zuwanku jiya.

Da safen nan ina ba ta magani, ba waƙa ba komai, ta kama hannuna, ta yi ta kokawa da harshenta, sannan ta ce: "Ka kauce."

Gaskiyarta, jiya na kauce a baiti na ƙarshe. Ku dawo Asabar, ina bukatar gwaji.

Baba