Ruwan Butar Tsohuwa

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Inna, kumburin ya sauka? Ni lafiya lau, ina ci ina ƙoshi.

Sai dai safiyar Talata na ga abin da ya hana ni sukuni. Cikin shukokin da nake kula wa maigidana akwai ɗan tsiron hamada, dunƙule-dunƙule a tukunya, duk ƙaya. Ba a ba shi ruwa sai ƙasarsa ta bushe ƙarau. Kwanan nan gindinsa ya fara ruɓewa, maigida ya ce in ya mutu in tattara kayana.

Ina shara na hango mahaifiyar maigida tana juye wa tsiron ragowar ruwan butarta, tana cewa, "Sha, bawan Allah, yaron nan ba shi da tausayi."

Yaya, da wane baki zan kai ƙarar uwa wajen ɗanta? Na dai cire 'ya'yan tsiron da ba su taɓu ba, na dasa a bayan tanki. Kada Inna ta ji, ku sa ƙaninku a addu'a.

Ba ni kaɗai na gani ba. Direba na wurin yana goge mota. Muna haɗa ido ya sunkuyar da kai, ya ci gaba da gugarsa.