Rasuwar Anti Ƙarfe Bakwai, Babbar Editar Labaranmu

Cikin alhinin da har yanzu bai gama sauka a jikinmu ba, Hukumar Daraktoci da Mai girma Shugabanta, da Babban Manaja, da shugabannin sassa, da ɗaukacin ma'aikatan wannan gidan rediyo, muna sanar da masu sauraronmu na gida da na ƙetare, da abokan aikinmu na sauran kafafen yaɗa labarai, cewa Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya ba mu aronta, Ya karɓi abinSa. Hajiya, Babbar Editar Labarai da Al'amuran Yau da Kullum ta wannan gida, wadda duk mai rediyo ya fi sani da Anti Ƙarfe Bakwai, ta rasu da safiyar jiya Talata a gidanta, tana da shekara hamsin da takwas, bayan ciwon ƙirji da bai kai sa'a guda ba. An yi mata sallah da azahar, an kai ta makwancinta kafin la'asar. Ta bar maigidanta, Malam, tsohon shugaban makarantar sakandare, da 'ya'ya huɗu, mata uku da namiji ɗaya, da jikoki biyar, da kuma mahaifiyarta, wadda har zuwa lokacin rubuta wannan saƙo take tambayar duk wanda ya shiga ɗakinta ko an tabbatar da maganar.

Labarin ya iso mana ƙarfe bakwai saura kwata, daidai lokacin da ɗakin labarai yake cike da kai-komon shirya labaran safe. Babbar 'yar marigayiyar ce ta bugo wayar teburin edita, Mataimakin Edita ya ɗauka. Ta ce masa, "Kawu, Mama ta rasu yanzun nan." Ya ce, "To." Ya ajiye wayar, ya ƙarasa jera takardun da ke hannunsa, ya miƙa wa mai karanta labarai, bai faɗa wa kowa komai ba. Labarai suka fita yadda aka tsara su: muhawarar majalisa a kan gyaran dokar zaɓe, zaman sulhun ƙasashe biyu da ya sake watsewa, da wani mawaƙi da ya ɗage wasansa. Sai da aka kashe jar fitilar ɗakin watsa shiri sannan ya miƙe tsaye ya faɗi abin da aka gaya masa. Babu wanda ya yi kuka. Wata ta tambaya ko a sanar a labaran takwas, ya ce a'a, dokar ɗakin nan ita ce ba a sanar da mutuwa da waya ɗaya, kuma marigayiyar ce ta kafa dokar. Aka tura direba gidan. Ya dawo takwas da rabi, ya tsaya a bakin ƙofa da makullin mota a hannunsa, ya ce, "Na gani." Da ƙarfe tara muka sanar.

Marigayiyar ta yi shekara talatin da ɗaya tana yi wa wannan gida hidima. Ta fara ne a matsayin mai fassara labaran ƙetare, a lokacin da suke shigowa a doguwar takarda daga na'urar kamfanonin dillancin labarai, kuma tun a wancan zamani aka san ta da buga waya ofisoshin jakadanci don kawai a faɗa mata yadda ake furta sunan wani shugaba ko wani gari, har masu ɗaukar wayar suka gane muryarta. Shekara ashirin da biyu tana karanta labaran ƙarfe bakwai na safe, inda ta samo laƙabin da ya danne sunanta na yanka. Ta jagoranci ɗakin labaranmu a manyan zaɓuka biyar, ta yi hira da ministoci da 'yan majalisa da jagororin adawa waɗanda ba za su lissafu ba, kuma da yawansu, masu girma, za su tuna yadda takan saurari doguwar amsa har ƙarshe cikin ladabi, sannan ta ce, "Ranka ya daɗe, ban ji amsar ba, ko in maimaita tambayar?"

A shekarar da yaƙi ya ɓarke a wata ƙasa da 'ya'yanmu da yawa suke karatu, ta yi kwana goma sha shida tana karanta sunayen ɗaliban da suka isa bakin iyaka lafiya. Iyaye sukan taru a ƙofar wannan gida tun da safe, ita kuwa tana fitowa daga ɗakin watsa shiri sai ta nufi wajensu da takardar, ta bi sunayen da yatsa tare da su ɗaya bayan ɗaya, domin wasu ba sa yarda da kunnensu sai sun gani a rubuce. Wanda bai ga sunan ɗansa ba, takan ce masa ya dawo gobe, ba ta taɓa cewa kowa ya kwantar da hankalinsa ba.

Ita ce ta ƙirƙiro shirinmu na ranar Asabar wanda yake haɗa siyasar ƙasa da al'amuran duniya da labaran nishaɗi a cikin sa'a guda. Gaskiyar magana, kashin nishaɗin dole aka yi mata, domin da farko cewa ta yi ita ba ta ga abin da ya haɗa ta da wanda ya rina gashinsa ba. Kafin a shekara biyu, ta san mawaƙa da 'yan fim fiye da matasan da ke ƙarƙashinta, su kuma suka mayar da ofishinta wurin kawo ƙara da neman shawara. Idan aka kawo mata labarin auren wasu taurari, takan ɗaga tabarau ta ce, "Ku ajiye shi ya kwana bakwai tukuna, kada mu sanar da ɗaurin aure da saki a shiri ɗaya." Ma'aikatan da ta horar sun haura sittin, wasu yanzu su ne shugabanni a wasu gidajen, kuma mai sa hannu a wannan saƙo yana cikinsu.

Akwai abin da wannan hukuma ta so ta tsallake a cikin wannan saƙo. Jiya da yamma, da tawagarmu ƙarƙashin jagorancin Mai girma Shugaban Hukumar Daraktoci ta je gaisuwa, muka shaida wa Malam cewa za a fitar da saƙon ta'aziyya da sunan gidan. Ya ce, "In za ku rubuta, ku rubuta duka. In ba za ku iya ba, ku bari kawai, mun gode da zuwa." Hukumar ta zauna da safiyar yau, ta kuma amince a rubuta duka.

A ranar da Hajiya ta rasu, tana cikin kwana na goma sha tara na dakatarwar wata guda da wannan gida ya yi mata. Washegarin zaɓen majalisar dokoki da aka yi a watan jiya, ofishin yaƙin neman zaɓe na ɗaya daga cikin 'yan takara ya aiko da takarda cewa ɗan takararsu ya lashe kujerar wannan yanki, alhali ana kan ƙirga ƙuri'u. Umarni ya zo daga sama cewa a sa takardar a kan gaba a labaran safe. Babban Manaja da kansa ya kai mata. Ta karanta sau biyu, ta tambaye shi, "Yallaɓai, hukumar zaɓe ta faɗa?" Ya ce ba ta faɗa ba tukuna. Ta ce, "To ni ma ba zan faɗa ba." Ta shiga ta karanta cewa ana ci gaba da ƙirga, kuma jama'a su jira sanarwar hukuma. Kafin azahar aka rubuta takardar dakatar da ita bisa laifin ƙin bin umarnin na gaba. Mai girma Shugaban Hukumar Daraktoci ya nemi a rubuta a nan cewa daga gare shi umarnin ya fito, wato umarnin karanta takardar da umarnin dakatarwar duka, kuma an rubuta.

Ni mai sa hannu a wannan saƙo, ni aka ba takardar in kai mata. Na same ta a teburinta tana tsara shirin Asabar. Ta buɗe ambulan, ta karanta, ta ninke, ta dube ni ta ce, "Ƙanena, ai aiko ka aka yi." Daga nan ta kira Mataimakin Edita ta gaya masa wanda zai karanta labaran Litinin, da baƙon da ya kamata a tuna wa zuwansa ranar Asabar, da cewa makirfo na biyu yana ƙara. Ta ɗauki mayafinta da gidan tabarau da filas ɗin shayinta. A bakin ƙofa ta ce wa maigadi, "Baba, sai wata mai zuwa in Allah Ya kai mu." Wannan ne ganinmu na ƙarshe da ita a harabar gidan nan.

Bayan kwana huɗu hukumar zaɓe ta sanar da sakamako, kuma ba wanda takardar ta ambata ba ne ya yi nasara. Gidajen da suka karanta takardar sun fito sun nemi afuwar masu sauraro. Mu ba mu nemi afuwar kowa ba, domin ba mu karanta ba. Duk da haka ba a janye dakatarwar ba. An sa ranar zaman da zai duba maganar har sau biyu: na farko daraktoci ba su cika ba, na biyu Shugaba ya yi tafiya. An sa na uku ranar Alhamis mai zuwa. Likita ya ce zuciyarta ce ta tsaya, mun kuma yi imani cewa ajali ba ya gaba ba ya baya. Ba mu ce dakatarwar ce ta kashe ta ba. Abin da muka sani shi ne, kwanakinta goma sha tara na ƙarshe a duniya ta yi su ne a ƙarƙashin hukuncin da muka san tun kwana na huɗu cewa bai dace da ita ba, kuma babu ko ɗaya daga cikinmu, har da ni, da ya taka ya je gidanta ya gaya mata haka.

Babbar 'yarta ta ba mu wani ƙaramin littafin rubutu. Ta ce kullum Mama takan shirya tun shida da rabi kamar mai fita aiki, ta zauna a falo kusa da rediyo da biro a hannu. A ciki akwai gyare-gyaren labaranmu na kowace safiya: inda aka ce firaminista alhali shugaban ƙasa ne, sunan babban birnin da aka furta ba daidai ba, inda mai karatu ya yi sauri. Mun tambaya me ya sa ba ta bugo ta gaya mana ba, 'yar ta ce ita ma ta tambaye ta, sai ta ce wanda aka dakatar ba ya ba da umarni, za ta kawo littafin ranar da ta koma. Littafin yana kan teburin labarai tun jiya. Mataimakin Edita ya buɗe shafin farko, ya rufe.

A zamanta na yau, Hukumar Daraktoci ta soke dakatarwar, ta cire ta daga fayil ɗin marigayiyar, ta kuma rubuta cikin dokokin gidan cewa daga yau ba za a karanta sakamakon wani zaɓe a wannan tasha ba sai wanda ya fito daga bakin hukumar zaɓe, ko wane ne ya ba da umarnin. Hukumar tana neman gafarar Malam, da 'ya'yan marigayiyar, da mahaifiyarta, a bainar jama'a, ba tare da wani uzuri ba.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga Malam, da 'ya'ya da jikoki, da mahaifiyarta, da 'yan'uwa da dangi na kusa da na nesa, da ƙungiyar 'yan jarida, da masu sauraron da suka cika wayoyinmu tun jiya. Muna roƙon Allah Mai rahama Ya gafarta mata, Ya haskaka kabarinta, Ya karɓi aikinta na gaskiya, Ya sa Aljanna ce makomarta. Ya ba iyalanta haƙuri da ƙarfin ɗaukar wannan rashi, a yanzu da gidan yake cike da mutane, da kuma ranar da kowa zai watse ya bar su. Ya yafe mana abin da muka yi da abin da muka jinkirta. Iyalan suna karɓar gaisuwa a gida daga safe zuwa la'asar, sun kuma roƙi 'yan'uwanmu 'yan jarida da kada a shiga da kyamara.

Da hantsin yau aka ba ni takardar soke dakatarwar, ɗauke da sa hannun Mai girma Shugaba da hatimin gidan, na kai wa Malam. Na same shi zaune a kan tabarma a ƙofar gida tare da masu gaisuwa. Ya nemi tabaransa, ya karanta ta daga sama har ƙasa, ya mayar cikin ambulan, ya miƙo mini da hannu biyu. Ya ce, "Na gode, ɗana, Allah Ya yi maka albarka. Sai dai ba ni aka dakatar ba."

Na dawo da ita ofis. Tana cikin aljihun teburina, ban san wanda zan ba ba.

Sa hannu:
Shugaban Sashen Hulɗa da Jama'a kuma Mai Magana da Yawun Gidan,
a madadin Hukumar Daraktoci, Babban Manaja da ɗaukacin Ma'aikata.